Taswira da Tarihin Unguwannin Wajen Kano

Unguwannin da suka tsiro a bayan ganuwar Kano ba su da littafin tarihi irin na Birni. Tsohon littafin nan na Tarihin Kano ya bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya, ya ce Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta, amma labarinsa ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19, tun ba a yanka Sabon Gari ba, balle a ce Hotoro da Rijiyar Zaki za su shigo cikin gari. Alhali a yau mafi yawan mutanen Kano a waje suke kwana. Mai son ya san yaushe gonar gero ta koma fuloti, wa ya yanka ta, kuma wa aka nufa da ita, babu abin da zai riƙe da ya fi taswira, da hotunan da aka ɗauka daga sama, da takardun safiyo.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Ana tara taswirorin wuri ɗaya na shekaru daban-daban, a mayar da su ma'auni ɗaya, a aza wannan a kan waccan, a duba abin da ya ƙaru da abin da ya ɓace. Kafin su hau juna sai an sami abubuwan da ba sa gusawa. A nan Kano ta yi sa'a, domin dutsen Dala da Goron Dutse suna nan inda suke, layin badala ma ko ya rushe yana barin sawunsa, daga 1911 kuma ga layin dogo. A Ingila da Amurka aka fara goge wannan hanya. H. J. Dyos ya rubuta tarihin unguwar Camberwell ta kudancin Landan a 1961, Sam Bass Warner kuma ya rubuta na unguwannin da jirgin titi ya haifar a gefen Boston a 1962. Masu irin wannan bincike a can suna da gata: hukumar Ordnance Survey ta zana Ingila a ma'aunin inci 25 ga mil ɗaya tana kuma sabuntawa, kamfanin Sanborn ya zana garuruwan Amurka gida gida don masu inshorar gobara. Kano ba ta da jerin taswirori irin waɗannan. Abin da ke akwai tsinto ne daga hannuwa daban-daban, kowane hannu da buƙatarsa, kuma sanin buƙatar mai zanen shi ne rabin karatun zanen.

Taswirori biyu na farko matafiya ne suka yi su. Hugh Clapperton ya shigo Kano a watan Janairun 1824, littafin tafiyarsa ya fito a 1826 da zanen garin a ciki. Ya ƙiyasta kewayen ganuwa mil 15, ya ƙirga ƙofofi 15, ya ce mutanen garin za su kai 30,000 zuwa 40,000. Maganarsa da ta fi amfani ga mai binciken unguwanni ita ce gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ganuwa ta kewaye ba, sauran gonaki ne da lambuna. Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya iso a watan Fabrairun 1851, ya sauka a unguwar Dala, ya zaga garin a kan doki, ya yi zanen da ya fi na Clapperton daidaito, har ya jero sunayen unguwanni. Shi ma ya nuna gidaje sun taru a kudu maso gabas, kewayen kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, Jakara ta raba su biyu, arewa da yamma kuwa fili fetal. Ya sa mazauna 30,000, ya ce a lokacin fatauci, daga Janairu zuwa Afrilu, sukan ninka.

Daga nan ake gane cewa Kano ta daɗe da abin da za a kira bayan gari, amma a cikin ganuwa yake. An yi ganuwar da faɗi ne don in yaƙi ya zo mutanen karkara su shigo da dabbobinsu, a kuma yi noma a ciki. Saboda haka garin yana da wurin da zai yi ta cika shekara da shekaru ba tare da ya tsallaka badala ba, kuma wasu filayen, irin na wajen Gwammaja da gindin Goron Dutse, sai bayan samun 'yancin kai suka cika. Sai dai kuma farar takardar da matafiyan suka bari a bayan ganuwa ba daji ba ce. Can ne gandayen sarauta suke, irin su Nasarawa da Dorayi da Gandun Albasa, ga Fanisau a arewa inda Sarki kan fita, ga Fagge a bakin ƙofofin gabas inda ayarin Buzaye da sauran baƙi ke sauke kaya. Barth bai zana su ba don ba su ya zo nema ba. Wanda ya ɗauki farin nan a matsayin shaida cewa ba kowa a wurin, ya fara bincikensa da kuskure.

Turawan Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, suka kafa barikinsu a gabas, a Nasarawa da Bompai, ba su zauna a Birni ba. Daga wannan lokaci taswira ta sake aiki. A da matafiyi ne ke zana abin da ya tarar, yanzu mai mulki ne ke zana abin da yake so a yi, sannan a fita da sarƙar awo da turaku a dasa zanen a ƙasa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka ajiye tasharsa a wajen ganuwa. Cinikin gyaɗa ya ɓarke a 1912, kamfanonin Turawa suka nemi fulotai kusa da tasha. A 1913 aka yanka Sabon Gari don akawuna da leburorin jirgi da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu da sauran ƙasashen bakin teku. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugard, ta tabbatar da wannan rabo, ta sa Kano a aji na biyu, yankin bariki da kantuna da Sabon Gari yana hannun majistare Bature, Birni yana hannun Sarki da En'e, wato hukumar gargajiya. Sai a 1940 aka mayar da Sabon Gari ƙarƙashin En'e.

Zanen wannan zamani ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba a buƙatar karanta dokar kafin a ga nufinta. A Nasarawa fulotai manya ne, gida ɗaya a tsakiyar fili mai itatuwa, ɗakunan boyi-boyi a baya, hanyoyi masu faɗi. A Sabon Gari tituna sun miƙe sun gitta juna, fulotai ƙanana kai ɗaya kamar gurabun dara, kuma sunayen titunan, Abeokuta da Warri da Enugu da Gold Coast, sun faɗi inda mazaunan suka fito. Tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa akwai wani fili da doka ta hana gini a cikinsa, faɗinsa yadi 440. Hujjar da aka bayar ita ce sauro da zazzaɓi da gobara. Amma wanda ya duba taswirar ya ga inda aka ja layin ya san ba sauro kaɗai ake gudu ba, tunda boyi da kuku suna kwana a bayan gidan Bature. Kwarori, wato 'yan Siriya da Labanan, su ma an ba su nasu gurbin a tsakani, kusa da Fagge, inda Kantin Kwari da titin Beirut suke har yau. Wannan shi ne bambancin Kano da Landan ko Boston. A can mai hali ne ke fita gefen gari don ransa ya so, jirgi ya sauƙaƙa masa. A nan hukuma ce ta raba wa kowa inda zai kwana bisa launinsa da asalinsa.

Fagge ta nuna ɗaya hanyar haihuwar unguwa. Ta riga zanen Turawa, don haka tsohon ɓangarenta lunguna ne masu lanƙwasa irin na Birni, sai daga baya aka yanka mata sababbin layuka a miƙe. A taswira ɗaya ana ganin inda tsoho ya tsaya sabo ya tashi. Haka Gwagwarwa, wadda ake ce wa Birget, ta taru a jikin barikin soja, Tudun Wada kuma ta zama masaukin 'yan Arewa da ba Kanawa ba. Ƙa'idar da ta fito daga nan tana aiki a dukan tarihin wajen Kano: unguwar da aka fara haifa a takarda titunanta a miƙe suke, wadda aka fara haifa a ƙasa tana bin iyakar gona da hanyar ƙafa da kwarin ruwa. Siffar titi takan daɗe fiye da gidajen da ke bakinsa. Gidan ƙasa ya zama na bulo, na bulo ya zama bene, lungun yana nan da lanƙwasarsa.

Da yawa daga zanen wannan zamani ba su da shekara, ko kuma shekarar da ke jiki ta bugu ce ba ta awo ba, a sake buga tsohuwar taswira a ƙara titi ɗaya ko biyu a manna sabuwar shekara. Mai bincike yakan gano gaskiyar ta ƙananan alamu. In akwai layin dogo, bayan 1911 ne. In Sabuwar Ƙofa ta bayyana a jikin ganuwa, zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne ko bayansa, shi kuwa ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Haka Ƙofar Famfo da filin jirgin sama suke taimakawa. Akwai kuma wata taska da ba a cika kula da ita ba, wato awon gonaki don haraji. Tun farkon mulkin Turawa aka fito da tsarin taki a gundumomin da ke kewaye da Birni, malaman taki suna auna gona da ƙafa suna rubuta sunan mai ita, daga baya ofishin safiyo na En'e ya ɗauki aikin da kayan awo. Ba don tarihi aka yi ba, don kuɗi aka yi, amma waɗannan gonakin ne suka zama unguwannin yau, kuma inda takardar ta tsira ana iya ganin iyakar gonar wane ta koma titi.

Bayan yaƙin duniya na biyu aka koma kallon ƙasa daga sama. Gwamnatin Ingila ta kafa hukumar safiyon ƙasashen mallaka a 1946, jirage suka yi ta ɗaukar hotuna a jere, daga cikinsu aka fitar da taswirori masu ma'aunin 1:50,000, wato santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa. Hoton sama ya fi taswira riƙon amana, don ba ya zaɓe. Taswira takan shafa launi ɗaya a kan unguwa ta wuce, hoton kuwa yana nuna rufin soro da na kwano, da kududdufai suna ƙyalli, da dalar gyaɗa da inuwarta, da hanyoyin ƙafa da suka fito daga kowace ƙofa suka watsu cikin gonaki. Ƙidayar 1952 ta ba Kano mutum kimanin 130,000, ta 1963 ta ba ta kusan 295,000, kuma ko da an yi jayayya a kan ta biyun, hotunan sun nuna ƙaruwar a waje ta fi yawa.

A wannan lokaci ne Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, rahotonsu ya fito a 1965. Sun nuna ƙasa ce mai cunkoson jama'a wadda ake nomawa kowace shekara ba hutu, gonaki ƙanana a jikin juna, da ɗorawa da kuka da rimi a tsakaninsu. Abin da ke riƙe da ita jaki ne. Da rani jakai kan shigo Birni da itace da amfanin gona, su fita da mangala cike da takin gari. Amfanin wannan nazari ga mai tarihin unguwanni babba ne, domin ya kama ƙasar ana gab da cinye ta. Ya kuma bayyana abin da ya sa gari ya sha wuyar tsaruwa daga baya: ba filin banza ya tarar a gabansa ba, kowane taku yana da mai shi, da magada, da dagacin da ya san iyakarsa.

Hukumar tsara Kano da kewaye ce ta nemi wancan rahoto, ita ce kuma ta sa B. A. W. Trevallion ya tsara shirin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Taswirorin shirin suna da kyau, launi ga gidaje, launi ga masana'antu, launi ga filin da za a bari, da hanyoyin da za su kewaye gari. A nan ne mai bincike ya fi faɗawa rami, don zanen shiri da zanen abin da ke ƙasa kamarsu ɗaya a ido. Na farko niyya ce, na biyu shaida. Amfanin zanen Trevallion yana fitowa ne in an aza shi a kan hoton sama na shekarun baya, a ga inda gari ya bi shi da inda ya ƙi. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya yi gwamna har 1975, kuɗin mai ya shigo, fari na farkon shekarun 1970 ya koro mutanen karkara da na Nijar. Gwamnati ta yanka nata fulotai a kudu da gabas, wajen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da titin Gidan Zoo, ta buɗe wa masana'antu Sharaɗa da Challawa bayan Bompai. Amma masu neman wurin kwana sun fi fulotan yawa nesa ba kusa ba.

Kundin taswirori, irin wanda ake bugawa littafi guda, amfaninsa daban ne. Babban kundin Nijeriya da ofishin safiyo na tarayya ya fitar a 1978, da na makarantu da ɗalibai suka saba da su, ma'auninsu ƙarami ne, Kano takan zama ɗigo ko ɗan tabo. Ba za su nuna ranar da Kurna ta haɗe da gari ba. Abin da suke nunawa shi ne dalilin da ya sa gari ya miƙa hannu inda ya miƙa: hanyoyin Katsina da Zariya da Gwarzo da Haɗeja da Maiduguri, da yawan jama'ar ƙasar da ke bayan kowace hanya, da inda kogin Challawa ya tare kudu. In aka koma babbar taswira sai a ga abin ya tabbata. Kurna da Rijiyar Lemo sun bi hanyar Katsina har suka doshi Dawanau, Unguwa Uku da Na'ibawa sun bi ta Zariya, Hotoro ta Maiduguri, Kabuga da Rijiyar Zaki suka bi ta Gwarzo zuwa sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Gari yakan fara bin bakin kwalta, daga baya ya cike tsakanin hanya da hanya.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen cikin gari a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon bayar da takardar shaidar mallaka. A ƙasa abin da ya faru daban ne. Manomin da ya ga gari ya doso shi, ya kuma san gwamnati na iya karɓar gonar ta ba shi diyyar da ba ta kai ta kawo ba, sai ya riga ta. A kira dillali da mai unguwa, a zo da igiya da turaku, a yanka gonar a sayar. Shi ne Kanawa ke kira awon igiya, kishiyar awon gwamnati. Mai yankan ba ya son asarar ko taku, don haka lungu kan fito siriri, wani ko mota ba ta shiga, ba a bar wa makaranta ko kwata ko maƙabarta wuri ba, kuma inda gonar wane ta haɗu da ta wane layukan ba sa haɗuwa, sai hanya ta karye ko ta toshe. Wani babban ɓangare na Kanon yau haka aka haife shi, kuma taswirar hukuma ta daɗe tana nuna shi a matsayin gona bayan an yi shekaru ana haihuwa da aure a cikinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don unguwar da ba ta cikin zane ita ce ta ƙarshe wajen samun famfo da kwalta.

Tauraron ɗan'adam ne ya cike wannan gibi. An harba Landsat na farko a 1972, ko da yake idonsa bai da kaifi, kowane ɗigo ya kai kimanin mita 80, a waɗanda aka harba daga baya ya koma mita 30. Ba ya nuna gida, amma yana raba gini da gona, kuma tun 2008 hotunansa kyauta ne ga kowa. Hotunan leƙen asiri na Amurka, na shirin Corona, da aka ɗauka tsakanin 1960 da 1972 aka kuma saki a 1995, sun fi su kaifi. Google Earth, wanda ya fito a 2005, ya kai ga nuna lungu da katanga. Da waɗannan ɗaliban jami'o'i suka yi ta auna faɗaɗar ƙananan hukumomi 8 na ƙwaryar Kano, wato Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Ungogo da Kumbotso, waɗanda ƙidayar 2006 ta ba su mutum kimanin miliyan 2.8. Akwai tarko a nan ma. Da rani rufin ƙasa da busasshiyar gona launinsu ɗaya daga sama, kwamfuta takan ɗauki wannan a matsayin wancan, don haka hoton Maris da na Satumba ba a gwama su kai tsaye, kuma duk abin da na'ura ta ce sai an je an taka an gani.

Hotunan suna nuna abin da ya tafi kamar yadda suke nuna abin da ya zo. Kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini, waɗanda suke shanye ruwan damina, ana ganinsu suna ƙanƙancewa daga hoto zuwa hoto, shara ta ci gefe, gini ya hau sharar, kuma unguwannin da ambaliya ta fi damu sau da yawa a kan tsofaffin kududdufai da hanyoyin ruwa suke zaune. Badala ma haka, a wasu wuraren ta koma layin shaguna da gidaje, ba a gane ta sai ta lanƙwasar titin da ke binta. Filin yadi 440 na Turawa an gine mafi yawansa, manyan fulotan Nasarawa an tsattsaga su.

Abin da hoto ba ya faɗa shi ne wa ya sayar, wa ya saya, nawa aka biya. Bayanin unguwannin awon gwamnati yana cikin fayilolin ma'aikatar ƙasa, na zamanin Turawa kuma a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Na awon igiya yana hannun mutane, a takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu tare da shaidu, wadda ake ninkewa a ajiye a akwati. Irin wannan takarda ba ta da zane ko lambar turke. Takan faɗi tsawo da faɗi da ƙafa, sannan ta ce gabas ya yi iyaka da wane, yamma da wane, kudu da hanya, arewa da gonar magadan wane. In aka tara na layi ɗaya, aka bi sunayen maƙwabta daga takarda zuwa takarda, aka haɗa da bakin dattawan da suka noma wurin, ana iya sake zana gonar yadda take kafin a yanka ta, a kuma jera fulotan bisa shekarar da aka sayar da kowanne.